Wanda Ya Fasa Hannun Gem

La'asar ta yi sanyi, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida. Umma tana kwashe shanya daga igiya tana ninkewa a kan kujera. Daga ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda ana jin ihun 'yan kallon ƙwallo na cikin talabijin, can ƙasa-ƙasa kuma dariyar yarinya.

Ɗakin maigidan ne. A asibiti yake aiki, ɓangaren gwajin jini, kuma a can an san shi da sanyin magana da sunkuyar da kai. Amma idan ya dawo gida ya rufe ƙofar nan, ya ɗauki hannun gem, wato abin da ake riƙewa ana danne-danne, sai ya zama wani mutum daban. Masu binsa a intanet Gwani suke ce masa. Duk mako yakan ɗauki kansa a waya yana zuba ra'ayi. A wurinsa tsohuwar na'ura ta fi sabuwa, don masu yin ta sun san darajar wahala. Gem ɗin da ba a faifai yake ba, aro ne. Mai wasa a waya ba ɗan wasa ba ne, mai shafa gilashi ne. Akwai ranar da ya ce yatsun mata ba su da saurin da gem ke so, aka yi ta dariya ana yaɗawa.

'Yarsa ɗaya ce, shekararta goma sha uku. 'Yar Baba ake kiranta, don tun tana rarrafe take zama a gindin kujerarsa. Shi ya koya mata wasan, yana barin ta ta ci shi jefi-jefi don ta ji daɗi.

A wannan yammacin bai bar ta ba, ita ce ta ci shi. Sau uku a jere. Ga abin kunne a kansa, abokin aikinsa yana kan layi yana jin komai.

"Gwani, wai wa yake yanka ka haka?" in ji abokin, yana dariya har da tari. "Muryar da nake ji kamar ta 'yarka."

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya ɗaga hannun gem ɗin ya wurga shi da dukkan ƙarfinsa kusurwar ɗakin, tsakanin kabad da bango, inda haske ba ya kaiwa. Ƙarar da ta fito ba ta roba da bango ba ce. Kamar ya sami wani abu mai taushi tukuna, sannan ya faɗi ya tarwatse. A daidai lokacin aka fara kiran sallar magariba.

Umma ta leƙo da zani a kafaɗa. Ta dubi ɓaraguzan a ƙasa.

"Me ya faru?"

"Ita ce ta yar da shi," in ji shi, bai dubi kowa ba. "Na sha gaya mata ta riƙa kula."

Umma ta kama kunnen yarinyar ta fito da ita, ta ɗaka mata duka biyu a baya, ta ce daga yau kada ƙafarta ta sake taka ɗakin. 'Yar Baba ba ta yi kuka ba. Ta waiwayo ta dubi ubanta sau ɗaya, kallon mai jiran a ce wani abu. Shi kuwa ya durƙusa yana tsince ɓaraguzai.

Kwana biyu ba abin da ya faru. A na uku, rana na faɗuwa, tsakuwa ta sauka a kan kwano. Sai wata. Sai suka zubo kamar ana watsa su da hannu biyu. Ya fita ya zaga gidan, ya leƙa lungu, babu kowa sai akuyar maƙwabta tana tuƙa. Yana dawowa ciki ya tarar talabijin ɗin ƙaramin ɗaki a kunne, babu hoto, sai hasken toka. Wayar wutar tana yashe a ƙasa, shi da kansa ya cire ta da safe.

Daga nan kullum sai an yi. Da zarar inuwa ta haɗe, tsakuwa ta fara. Wani lokacin su ji tafiya a baranda, a hankali, ana jan ƙafa ɗaya. Umma ta daina barin ƙofa a buɗe. Gidan ya yi shiru irin na inda ake jinya.

'Yar Baba ta rage cin abinci. Ta dawo daga makaranta sai ta zauna a bakin ƙofar da aka hana ta shiga, ta zuba wa kusurwar nan ido. A kwana na bakwai Umma ta taɓa kafaɗarta ta ce ta tashi ta yi alwala. Yarinyar ta juyo a hankali, ta buɗe baki, muryar namiji ta fito.

"Mai wasa a waya ba ɗan wasa ba ne. Mai shafa gilashi ne."

Umma ta ja da baya har ta bugi bango. Muryar ta ci gaba, ta bar ra'ayi ta koma zagi, irin zagin da ake yi wa uwar mutum da kakarsa, kalmomin da ba a taɓa furtawa a tsakar gidan ba.

"Ina yarinyar nan ta ji wannan ƙazanta?" in ji Umma.

Maigidan yana tsaye da jakar aiki a hannu. Ya san kowace kalma. Nasa ne. Su yake yi wa abokan wasa idan ya rufe ƙofa ya sa abin kunne, har da inda yake jan numfashi. Ya ce, "Wataƙila a makaranta."

Washegari ya kai ta asibiti. Shi ya ɗebi jininta, shi ya gwada, ya sake gwadawa. Babu komai. Yana cire allurar ta dubi hannunsa, ba ta dubi fuskarsa ba. Sau da yawa a kwanakin nan ya buɗe baki zai gaya wa Umma gaskiya, sai ya ga girman abin: magidanci mai furfura a gemu ya yi wa 'yarsa ƙarya saboda wasa. Sai ya haɗiye.

Yayan Umma, wanda yarinyar ke kira Kawu, shi ya kawo wani malami a kwana na goma sha biyu. Tsoho ne siriri mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya zo bayan la'asar, ya nemi a shimfiɗa tabarma a baranda, ya zauna yana jan carbi har haske ya fara ja. Da tsakuwar farko ta faɗo, ya ce a kawo yarinyar.

Ya fara karatu. An daɗe ba abin da ya motsa. Can sai yatsun 'Yar Baba suka fara rawa, manyan yatsu biyu suna danna iska. Wuyanta ya sandare. Idonta na hagu ya rufe ruf, hawaye na zuba daga shi kaɗai.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni." Wannan muryar ba ta uban ba ce. Ta tsohuwa ce, a shaƙe.

"Wace ce ke?"

"Mai ɗakin. Ina kusurwar nan tun kafin a yi wa gidan rufi."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ita? Ba komai. Ita kaɗai ce take sallama idan za ta shiga."

"To me ya kawo ki jikinta?"

"Shekara tara ina zaune ina kallon wasansa. Ban taɓa damunsa ba. Na ji zaginsa, na ji surutunsa a waya, na haƙura. Har na fara jin daɗin abin, musamman na ƙwallon." Bakin yarinyar ya karkace. "Ranar nan yarinya ta ci shi da hannu mai kyau, babu maguɗi. Ya ɗauki abin ya jefe ni a ido. Ba bismilla, ba komai, ana kiran salla."

Umma ta juyo ta dubi mijinta. Kawu ya sunkuyar da kai.

"Ido ya tafi, na haƙura," in ji muryar. "Amma aka tambaye shi, ya ce ita ce. Aka dake ta a gabansa. Na ce to, tunda ba ya so, ni ina so. Ku bar mini ita."

"Ba taki ba ce," in ji malam. "Zalunci aka yi miki, ke ma kika yi wa wadda ba ta ji ba ta gani ba. Wanne ya fi?"

Tsakuwa ɗaya ta gangaro daga kan kwano ta faɗo tsakar gida.

"To a ba ni ɗakin da na'urar."

"Ba a yi miki kyauta don ki saki abin da ba naki ba."

"To ya faɗa. Da bakinsa, a gaban matarsa da surukinsa. In ji da kunnena, in tafi inda 'yan'uwana suke."

Malam ya cire tabarau ya goge. Ya juya ga maigidan. "Wannan ba don ita za ka yi ba. Ko ba ta nema ba, haƙƙin yarinyar nan yana wuyanka."

Maigidan ya matso. Ya durƙusa a kan siminti, a gaban 'yar da ya haifa.

"Ni na jefa," ya ce. Muryarsa ba ta fita sosai ba, sai da ya maimaita. "Ni na jefa. Ta ci ni ne, abokina ya yi mini dariya. Na yi mata ƙarya. Zagin da kuka ji ma nawa ne, duka."

Umma ta dubi tafin hannunta na dama, wanda ta yi dukan da shi, ta ɓoye shi a cikin mayafi.

Malam ya sa muryar ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba, ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki a cinyar uwarta. Suka ji tafiyar nan mai jan ƙafa ta bi baranda, ta ratsa tsakar gida, ta kai ƙofar waje. Daga nan ba su ƙara ji ba.

Da zai tafi, malam ya tsaya yana sa takalmi. "Wasa ba laifi ba ne," ya ce. "Amma wanda ba zai iya faɗuwa a gaban ɗansa ba, bai kamata ya zauna wasa da shi ba."

Tsakuwa ba ta sake faɗowa ba. 'Yar Baba ta warke, ta koma makaranta, ba ta tuna komai na kwanakin da tsohuwar ta yi a jikinta. Abin da ya faru kafin su ne ba ta manta ba. Ya nemi gafararta, ta ce, "Ba komai, Baba," da ladabi, kamar yadda ake amsa wa baƙo. Umma ta yi sati uku ba ta haɗa ido da shi ba. Masu binsa suka yi ta tambayar ina Gwani ya shiga, bai ba su amsa ba.

Bayan wata guda ya sayo sabon hannun gem. Ya same ta a tsakar gida tana wanke takalmin makaranta, ya miƙa mata kwalin da hannu biyu. Ta goge hannu a siket ta karɓa, ta juya shi, ta karanta rubutun jiki.

"Zo mu buga ɗaya," ya ce.

Ta daɗe tana kallon kwalin. Sannan ta ɗago.

"Baba, in yi da gaske, ko in bar ka ka ci?"

Ta jira shi kaɗan, sannan ta ajiye kwalin a kan dakali, ta koma wankin takalminta.