Murhu Mai Ƙafa Biyu

Ranar da kamfanin shimfiɗa bututun ruwa ya miƙa wa Salmanu makullin sito, mahaifinsa bai yi murna ba. "Makullin da ba na ɗakinka ba," in ji Malam Jumare, "garwashi ne a aljihu." Salmanu ya yi dariya. Wata bakwai garwashin bai ƙona kowa ba, sai ranar da aka koma aiki bayan hutun Babbar Sallah, a shekarar da kuɗin ƙarin albashin Udoji ya cika Zariya da sababbin babura.

Da hantsi aka buɗe siton da ke yadin kamfanin a Tudun Wada. An tarar da kwaɗo a rufe lafiya lau, amma Murhu babu shi.

Murhu wani jan babur ne mai ƙafa uku, ɗaya gaba biyu baya, tayoyinsa ƙatta masu laushi da gudaje kamar bayan kada. Turawan kamfanin suka zo da shi don bin layin bututu cikin taɓo da yashi, lebura suka raɗa masa suna saboda ƙafafunsa. Ba da ƙafa ake tayar da shi ba, igiya ake ja kamar injin ban-ruwa. Duk Zariya babu irinsa. Makullin sito kuwa ɗaya ne tak, yana aljihun Salmanu. Kafin azahar Salmanu yana bayan kanta.

Malam Jumare, wanda ya shekara ashirin da biyu yana gyaran keke a gindin durumi kusa da kasuwa, ya isa caji ofis bai ko wanke baƙin man hannunsa ba.

"Saje, yaron nan bai taɓa ɗaukar allurar wani ba."

"Duk uban da ya tsaya inda kake tsaye haka yake cewa, Baba," in ji Saje Kailani. "Ba a fasa ƙofa ba, makulli na hannunsa. Jibi da safe kotu."

Aka bar shi ya leƙa ɗansa. Idanun Salmanu sun yi jawur, suna zubar da ruwa. "Baba, wallahi ban ɗauka ba," ya ce. Malam Jumare ya kau da kai, don bai taɓa ganin ɗansa yana kuka ba tun da ya girma.

Ya roƙi Saje ya bar shi ya bi shi yadin. A bakin sito ya durƙusa, ya ƙura wa ƙarfen da ake maƙala kwaɗo ido. Fentin kan ƙusoshin huɗu ya ɗaye.

"An kwance wannan an mayar, Saje. Mai makulli me zai yi da sukundireba?"

"Don a ce ba shi ba ne. Wannan ba ta fitar da shi, Baba."

Mutum uku ne suka san ciki da wajen yadin, Saje ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Na farko maigadi, tsoho Nagoda.

"Kwana biyar ina bakin ƙofar nan, ranka ya daɗe, ban da safiyar Sallah. Na je Idi."

"Ka bar yadi ba kowa?"

"Ɓarawon ma ai na zaci Idin ya tafi."

"Ka iya tuƙa Murhu?"

"Ni? Ko jaki sai an riƙe mini."

Na biyu Labaran direba. Ya nuna sabon baburinsa yana ƙyalli a rana. "Me zan yi da abin da yara ke bi suna ihu? Tun jajibiri ina ƙauyen surukaina, sai jiya na dawo." Saje ya aika ɗan sanda, aka dawo aka ce gaskiya ne.

Na uku Muntaka heluma, shugaban lebura. Ya taho yana ɗingishi, gwiwa ɗaure da tsumma, gwiwar hannu a kuje.

"Me ya same ka?"

"Ragon layya ne ya tunkuye ni."

"Ragon da ke tunkuyin mutum sama da ƙasa," in ji Labaran, "ai da ba a yanka shi ba, da an kai shi dambe."

"Wa ke hawa Murhu?" in ji Saje.

"Ni da Salmanu kaɗai. Ni kuwa me zai sa in sace shi? Ko keke ban iya ba, kowa ya sani. Murhu ne ya rufa mini asiri, shi da ba ya faɗuwa. Yanzu sai dai in bi layi da ƙafa."

Saje ya baza 'yan sanda kan hanyoyin fita gari, su tare duk wani abu mai ƙafa uku.

Washegari Malam Jumare ya zauna gindin durumi, aiki ya ƙi yiwuwa. Faci uku ya yi, duka suka ɗaye. Kwana ɗaya ya rage. Yana ta juya maganar Labaran: abin da yara ke bi suna ihu. Lalle ba wanda zai ratsa Tudun Wada da Murhu a ce ba a gan shi ba, ba kuma mai sayen abin da duk gari ya sani. Wanda ya sace shi, in dai yana son ya more shi, dole ya sake masa kama. A bana kuwa, babur mai ƙafa biyu ko kallo bai ishi kowa ba. In an yi haka, tayoyin nan ƙatta sun zama saura. Shi kuwa bai taɓa ganin Bahaushen da ya zubar da roba ba.

Ya miƙe ya nufi layin masu guga.

Rumfa ta huɗu ya gan su: guga biyu sababbi a rataye, baƙaƙe, masu gudaje. Rumfar Sabo ce, abokin wasansa.

"Mai faci, yau rijiya za ka liƙe?" in ji Sabo.

"Bar wasa, Sabo. Ɗana na kulle. Wa ya kawo maka robar nan?"

Sabo ya ajiye wuƙa. "Subhanallahi. Wani ne ya kawo, ana gobe za a koma aiki, cikin buhu. Ban san shi ba, amma ba zan manta shi ba."

"Don me?"

"Ya zo kan wani baƙin babur. Ya iso nan, ya ja birki, ya zauna daram kamar yana kan kujera, ƙafafunsa a sama. Sai ga shi rim, shi da babur da buhu! Da ya tashi ya rasa yadda zai kafe shi, sai jingina shi ya yi da bango. Da zai tafi kuma, maimakon ya taka, sai ya kama wata igiya yana ja. Muka ce masa, Malam, niƙa za a yi?"

Malam Jumare bai tsaya sallama ba. Da guga ɗaya a hannu ya shiga caji ofis, ya dire ta kan teburin Saje.

"Ka janye mutanenka daga hanya, Saje. Murhu ya daina ƙafa uku."

Bayan la'asar suka isa gidan da Muntaka ke haya a unguwar Kwangila. A zaure suka tarar da shi jingine da bango: baƙin babur, gajere, gaba da baya tayoyin wani tsohon babur ne.

"Nawa ne," in ji Muntaka. "A Kaduna na saya. Ko ni kaɗai ne ba zan hau babur ba? Labaran direba ya hau, masinja ya hau."

"Jiya ka ce ko keke ba ka iya ba," in ji Saje.

"Koyo nake yi."

Malam Jumare ya kankare tankin da farce, jan fenti ya leƙo. Ya nuna baya. "Nan aka yanke ƙarfen da ke riƙe tayoyi biyu, aka liƙa ƙafa ɗaya da walda. Amma abu biyu aka manta. Murhu ba a yi masa abin kafewa ba, don ba ya bukata, shi ya sa yake jingine. Ga kuma igiyarsa nan."

"Wannan ya nuna Murhu ne," in ji Saje. "Me ya nuna ba ɗanka ya sayar masa ba? Ko ya kai wa mai guga tayoyin?"

"Salmanu tun yana shekara shida yake kan keke. Wanda ya tashi a ƙafa biyu, ko barci yake yi, in ya ja birki ƙafarsa za ta nemi ƙasa. Mutum ɗaya ne a garin nan ya iya tuƙi bai taɓa koyon sauke ƙafa ba, don abin da ya koya a kai ba ya faɗuwa. Kuma da da hannun mai makulli aka fitar da shi, da ba a kwance ƙusa ba." Ya dubi gwiwar Muntaka. "Ragon nan sau nawa ya tunkuye ka, Heluma?"

Muntaka ya sulale ya zauna a dakali. Ya ce safiyar Idi, da gari ya watse, ya kwance ƙarfen, ya ɗora Murhu a amalanke, ya lulluɓe shi da harawa kamar abincin rago. Ya ce Salmanu ba ya nan, bai kuma ba shi makulli ba.

"Wa ya yi maka waldar?"

"Wani ne."

"Wane wani?"

"Shi bai san na sata ba ne, Saje. Ba zan ja masa ba." Daga haka bai ƙara ba, ko a caji ofis ko a gaban alƙali.

Kafin magariba aka saki Salmanu. Mahaifiyarsa Atika ta tare shi a tsakar gida tana hamdala, ta kama fuskarsa ta duba.

"Har yanzu idon bai sake ka ba? Malam, tun kwana uku da Sallah yake cewa kamar an zuba masa yashi. Ciwon idon nan Afolo ne, ya cika unguwa."

Malam Jumare ya tsaya da buta a hannu. Ashe ba kuka ba ne. Afolo na yawo, gaskiya ne, 'ya'yan maƙwabta biyu sun yi. Amma ya san wani ciwon mai sa ido ya yi ja kamar an zuba yashi: na wanda ya yi walda ba gilashi. Ya kuma tuna liƙin da ya gani a Kwangila, sumul, aikin mai hannu, irin wanda Salmanu ya koya a yadin. Sai dai masu hannu a Zariya ba su ƙirguwa.

Muntaka ya tafi gidan yari, kamfanin ya mayar da Salmanu aiki. Malam Jumare ya sa ya mayar musu da makullinsu, Salmanu kuwa bai yi gardama ba. Wanda ya yi wa Murhu walda, har yau ba a sani ba. Malam Jumare bai tambayi ɗansa ba.