Inda Ɗanliti Ke Maƙalewa

Gyaran waya ya kai Zulaihatu Bodinga, ba neman saurayi ba. Ranar kasuwa ta biyo mota daga garinsu Shagari, aka nuna mata rumfar wani Muhammadu da kowa ke kira Mode, dogo siriri mai yawan murmushi da ƙarancin magana. Ya gyara, ya miƙo mata yana kallon ƙasa kamar shi ya lalata ta. Sai da ta koma gida ta tarar ya saka mata wani gem, wato wasan waya, wanda ba ta roƙa ba.

Ashe halinsa ke nan. Shi ya ƙirƙiri abinsa, kuma duk wayar da ta ratsa hannunsa da shi take fita.

Ta buɗe da niyyar gogewa, sai ga ta tana dariya har Inna ta leƙo. Labarin wani Ɗanliti ne a zamanin jamhuriya ta biyu, lokacin da sabulu da madara sai an bi layi. Mai wasa shi ne Ɗanliti, yana yawo gari gari a kan jaki neman mata da kayan aure. Babu takobi babu bindiga, da baƙar magana ake faɗa, wanda ya fi iya habaici shi ya ci. Akwai akuya mai tare hanya ta cinye katin bin layi, akwai attajirin da ke ɓoye buhun shinkafa cikin babbar riga yana rantsuwa tumbi ne.

Lambarsa na jikin gem ɗin, ta tura masa saƙo:

"Malam mai gyara, wasanka da daɗi, amma jakin Ɗanliti ya cika nawa. Daga Dingyadi zuwa Danchadi har na tuƙa tuwo na kwashe bai isa ba. Kuma kiɗan nan guda ɗaya ya ishe ni."

Amsa ta zo nan take:

"Ranki ya daɗe, jakin yunwa shika ji, zamanin ne. Kiɗan kau laihina ne. Don Allah ki ci gaba da hwaɗa min aibinshi, kowa yabo kawai shika yi."

Daga nan aka ɗora. Tana zano aibi yana gyarawa, har ya raɗa mata suna Alƙaliyata, ita kuma tana ce masa Ɗanlitina. Kafin damina ta yi nisa, Mode ya san hanyar Shagari fiye da direbobinta.

Mahaifinta, Malam Na'Allah tela, shi ne bai yi dariya ba. Ya ce shi ya bi layin nan da ƙafarsa, ya wuni a rana ya dawo hannu rabbana. Yaron da ya mayar da wahalarsu abin wasa bai san darajar komai ba, balle ta 'yar mutane. Ya ce in kaka ta yi bai ga dalilin sauya ra'ayi ba, a rufe maganar aure. Zulaihatu ta yi kuka, ta yi roƙo, ta tsaya wa Mode tsayin daka.

Sai dai akwai abin da ke cin ta wanda ba ta gaya wa kowa ba. A cikin gem ɗin akwai wata Ladi mai fura, wadda in Ɗanliti ya galabaita take ba shi ya sha ƙarfinsa ya dawo. An zana ta da wushirya da fari da ido, ga murya kamar ana zuba zuma. Muryar kuwa ta Safinatu ce, 'yar kawun Mode, wadda dangi suka daɗe suna yi musu sha'awar juna. Duk sanda Ladi ta ce "sha ka ƙoshi, Ɗanliti", sai Zulaihatu ta ji kamar ta buga wayar da ƙasa.

Ta fara kawo ƙorafi a fakaice. Yau ta ce Ladi ta cika surutu, gobe ta ce furarta ta yi tsami a ido. Mode, bawan Allah, ya ɗauka gyara ne irin na kullum, ya rubuta a ransa zai duba.

Rannan ya aiko mata da sabon zubin gem ɗin, ya ce akwai tsaraba a cikinsa, a garin Dandin Mahe. Ta kora jaki har can, ta tarar da wata yarinya zaune a ƙofar gida tana ɗinkin hula, da ɗan tabon goshi irin nata, an rubuta Zulai. Daɗi ya kama ta. Ta matsar da Ɗanliti don ya gaishe ta, sai gem ya tsaya cak, ya mayar da ita farkon hanya. Ta sake, haka. Ta tambayi 'yan unguwa masu wasan, kowa ya ce nan ne ya lalace, ba wanda ya taɓa jin ko sannun Zulai.

To, kishi ba ya jiran hujja. Ladi an ba ta murya da kalamai har Ɗanliti na iya kai mata kayan aure, ita kuwa an dasa ta kamar turmi, ko kammala ta ba a damu a yi ba. Ta rubuta:

"Na ga matsayina. Wadda ka ɓata lokaci a kanta ka ba ta baki, ni ka bar ni kurma. Ka tai ka sha hura wurin Safinatu. Zan gaya ma Baba ya yi gaskiya."

Ta kashe wayar, ta shige ɗaki ta yi kukan da ya fi na farko zafi, don wannan karon ba ta da wanda za ta tsaya wa.

Washegari da la'asar sai ga Mode, ko rumfa bai buɗe ba. Ta fito don Inna ta matsa, ta tsaya bakin zaure inda keken ɗinkin mahaifinta ke ta ƙara daga ciki. Ya yi ta murza hula kafin magana ta fito.

"Alƙaliyata, wurin nan ba lalacewa yay yi ba. Ni na kulle shi."

Ta ɗago ta dube shi.

"Samarin Bodinga duk suna buga wasan ga. Ladi kowa ya je ya yi mata zance, ko a jikina. Amma da na zana ki na tuna ƙattin banza za su tsaya gabanki suna zaɓen kalaman da za su hwaɗa miki, sai na ji ƙirjina ya ɗau zahi. Na kasa cire ki, na kasa barin su iso gare ki."

"Hoto ne fa, Mode," ta ce.

"Na sani. Ko hoton ba ni iya ba su."

Dariya da hawaye suka zo mata tare. Ita da ke ganin ta fi kowa kishi a ƙasar Sakkwato, ashe ta haɗu da malaminta.

A nan suka lura keken ya daina ƙara. Malam Na'Allah ya fito da tsumma a kafaɗa, ya dubi Mode da ya zube yana gaisuwa, ya dube shi da kyau. Ya ce wanda ya yi wa inuwar ɗiyarsa shinge, ba zai bar ita kanta a rana ba, ya turo manyansa. Har ya juya, sai ya dawo ya zaro wayar Inna daga aljihu, ya rage murya.

"Kai yaro, akuyar ga mai cin kati, ƙaƙa aka wuce ta? Ta hana ni sakat."

Bayan kaka aka ɗaura aure, Shagari ta cika da mutanen Bodinga. Safinatu ce kan gaba wurin guɗa, amarya ta rungume ta tana jin kunyar abin da ita kaɗai ta sani. Malam Na'Allah ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya ce Allah ya raba su da bin layi irin na zamaninsu.

Amarya ta ci gaba da alƙalancinta. An sauya kiɗa, jaki ya ƙara sauri. Amma da Mode ya tambaye ta ko ya buɗe ƙofar Dandin Mahe tunda masu wasa sun dame shi, sai ta harare shi ta ce duk gem ɗin nan wurin kaɗai ne ba ya buƙatar gyara.