Inda Almakashi Ya Bi a Taswirar Gida

Ranar da Tela ta fara ganinsa, durƙushe yake a bakin shagonta yana auna bango, fensir maƙale a kunne. Ta fito da almakashi a hannu, rai a ɓace, don ta riga ta yanke cewa mai ginin ne ya turo shi a tashe ta.

"Malam, lafiya? Wa ya ce ka auna min shago?"

Ya dubi almakashin, sannan ya dube ta. "Ranki ya daɗe, bangon maƙwabcinki nake aunawa, rumfa zai ƙara. A ajiye makamin tukuna mu gaisa."

Ba ta yi dariya ba sai da ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo wai ya manta fensir. Mako na zagayowa ya kawo riga a sa masa maɓalli, alhali duk wanda ya taɓa riƙe allura ya san da gangan aka tsinke shi. Zana taswirar gidaje ne aikinsa, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya. Kafin wata uku, maƙwabtan shagon sun san ƙarar motarsa.

Safiya ba ta wucewa bai turo saƙo ba: "Barka da asuba, Sarauniyar almakashi. Jiya na zana ƙofar wani bawan Allah a karkace, kuma ke ce sanadi."

Ita kuma ta mayar: "Gyara wa mutane ƙofarsu, Injiniyana. Ni ma na kusa haɗa hannun riga a wuya."

Tana sonsa, wannan ba a maganarsa. Amma Tela mace ce da ko ruwa ka miƙa mata sai ta leƙa cikin kofin, kuma ban ga laifinta ba. Yayarta tana da shagon gyaran gashi da ake bin layi. Mijin ya yi ta rantsuwa kafin aure cewa sana'arta ba za ta tsaya ba, aka tare a sabon gida, sai ga shi babu ko lungun da za a ajiye madubi. Shekara ba ta cika ba aka sayar da kayan aikin. Tun daga ranar Tela ta ɗaura aniyar cewa inda kekenta ba zai shiga ba, ita ma ba ta shiga.

Umma kuwa tun zuwansa na farko ta ƙi sakin fuska. "Ni fa na gaji da daɗin baki," in ji ta. "Mijin yayarki ma har ƙwalla ya yi a falon nan. Kada ki saurari abin da yake faɗa, ki dubi gidan da zai sa ki."

Sai kuma Injiniya ya shiga wasu take-take. Ya zo shago ya ɗauki hoton kekunanta uku, gaba da baya. Ya auna teburin yanka. Ya gwada ɗaga babban keken lantarki, ya tambayi nauyinsa, ya rubuta a ɗan littafi.

"Me za ka yi da nauyin kekena?"

"Sha'awa kawai, Sarauniya."

Wane irin mutum ne ke sha'awar nauyin keke? Ba ta gama haɗiye wannan ba, sai ta hango shi har sau biyu a shagon tsallaken titi, wurin wata mai ɗinki mai yawan fara'a wadda ta daɗe tana naci a sayar mata da babban keken nan. Yana tsaye yana nune-nune, ita kuma tana dariya har da dafa ƙirji. Tela ta koma ta zauna, ta warware ɗinkin da babu abin da ya same shi.

Ana cikin haka ya kawo mata takarda a naɗe, yana sauri zai je duba wani gini. "Taswirar gidanmu ce. Ki kai wa Umma ta gani, sauran na nan tafe."

Da yamma suka shimfiɗa ta a kan tebur, Umma da Yaya da Tela, aka danne kusurwoyin da kofuna. Ga falo, ga kicin da sito, ga ɗakuna biyu da gareji, duk da layi mai kauri. A daidai garejin kuma an zagaye wani babban ɗaki da layin ɗigo-ɗigo, an rubuta a ciki da ƙananan baƙaƙe: ɗakin ɗinki.

"To ai ga shi ya sa miki," in ji Yaya.

Tela ta girgiza kai. "Yaya, dubi layin. In na zana da alli a kan yadi, layi miƙaƙƙe shi ne abin da zai zauna. Mai ɗigo-ɗigo kuwa nan almakashi zai bi. Ya sa ɗakin ne don a rufe mana baki, ya kuma yi masa alamar yankewa tun yanzu. Ku duba, a kan garejin ya ɗora shi. Motarsa ce za ta kwana a wurin."

"Na faɗa!" Umma ta tafa hannu. "Hoton kekuna, nauyin kekuna, zaryar shagon tsallake. Ciniki ya gama, 'yar nan, saura ɗauka."

Yaya ta sunkuyar da kai kawai. Wannan sunkuyawar ta fi maganar Umma yi wa Tela ciwo. Ta ɗauko almakashi ta bi ɗigon nan tsaf, kamar yadda ta saba, ta cire ɗakin ta sa a ambulan. Washegari ta aika masa ofis, ta bi da saƙo: "Na taya ka yankewa, don kada ka wahala bayan aure. Kekuna ba na sayarwa ba ne, ni ma haka. Ka gaida ta tsallake."

Ya kira sau tara ba ta ɗauka ba. Ya rubuto: "Wallahi ban fahimci komai ba, Sarauniyata. Ina zuwa gida da la'asar. In za a kore ni, a kore ni ido da ido."

Ya zo da ambulan ɗin da wata takardar a hammata. Umma ta amsa gaisuwarsa da ƙyar, ba ta ko ce a kawo ruwa ba. Tela ta zauna can gefen Yaya, idanunta sun kumbura.

"Umma, a gaya min laifina."

Tela ce ta gaya masa, tiryan-tiryan, har da batun alli da yadi. Ya saurara baki sake. Da ta kai ƙarshe ya dafe kai.

"Innalillahi. A wurinmu layin ɗigo-ɗigo yana nufin abin da ke sama, wanda ba a gani daga ƙasa. Bene ne, Sarauniya. Ɗakin yana bisa garejin."

Ya warware takarda ta biyu. Ga ɗakin nan da layi mai kauri, tagogi huɗu manya, wurin kekuna uku, ga teburin yanka a tsakiya daidai awonsa.

Umma ba ta saki ba. "Nauyin keke fa?"

"Don in san ƙarfin da za a ba ƙasan benen, Umma."

"Ita kuma mai washe haƙora ta tsallake?"

"Tagoginta na je gani. Na lura ita ba ta kunna ƙwan lantarki da rana, ita kuwa wannan kullum sai ta kanne ido take zira zare. Ban gama tagogin ba, shi ya sa na riƙe takardar. Na so in ba ta mamaki."

"Ka kuwa ba ta," in ji Yaya, dariya ta kuɓuce mata.

Kunya ta rufe Tela, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta jawo takardar don ta ɓoye fuska, sai idonta ya tsaya a kan matakala. Ta ƙirga su da yatsa, ta bi hanyar da mutum zai bi daga ƙofar gida, hawayen suka tsaya cak.

"Injiniya, ka yafe min, na zalunce ka. Amma ɗakin nan bai yi ba."

"Bai yi ba?"

"Matakala goma sha bakwai. Rabin masu kawo min ɗinki iyaye ne masu ciwon gwiwa, ga masu ciki, ga masu goyo. Wa zai hau? Kuma duk wadda ta zo gwajin riga sai ta ratsa ta falonmu, kana zaune da singileti. Wata biyu za ka gaji, su ma su gaji, ɗakin ya koma wurin shanya. Ba mugunta ce za ta kashe sana'ata ba, kyautatawa ce."

Ya daɗe yana kallon takardar. Shi da kullum yake gaya wa masu gini cewa ba ya zana gida sai ya zauna da masu shigarsa, ga shi a nasa gidan ya yi abin da yake hana mutane.

"Na auna kekuna, na auna tebur, na tambayi maƙwabciya," ya faɗa a hankali. "Ke kaɗai ce ban tambaya ba. Ke ma ki yafe min."

Ya juya bayan takardar, ya miƙa mata fensir. Nan suka duƙufa, kai da kai, suna musu. Ta sauko da ɗakin ƙasa wurin garejin, ta ba shi ƙofarsa ta kansa mai kallon titi, da ɗan lungun gwaji mai labule. Ta ce a sa taga tsakaninsa da kicin, don ta riƙa leƙen tukunya tana kan keke. Ya ce to motarsa fa? Ta ce rumfa ta ishe ta, ai ba ta ɗinki. Shi kuma ya karɓi benen ya mai da shi ofis, tunda masu zuwa wurinsa ƙafafunsu lafiya lau.

Umma ta daɗe tana kallonsu, sannan ta juya ga Yaya. "Ke, ba ki ga baƙo ba ne? Tun ɗazu ko ruwa ba a ba yaron nan ba."

Ginin ya ci wata goma, kuma babu makon da Umma ba ta je ta ƙwanƙwasa bangon ɗakin ɗinki ba, wai tana duba ko na gaskiya ne. Aka ɗaura aure ranar da fenti ya bushe. Kayan da suka fara shiga gidan kekuna ne, kafin gado, kafin tukwane.

Da Umma za ta tafi, ta kama hannun 'yarta, ta dubi surukinta. "Na zarge ka, ɗana, ka kuwa wanke kanka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

"Amin, Umma."

Kwana bakwai da tarewa, da hantsi, Injiniya yana sama yana aiki ya ji an ƙwanƙwasa ƙofar titi. Wata dattijuwa ce mai dogara sanda, da yadinta a leda, ta shiga ba tare da ta hau ko taki ɗaya ba. Jim kaɗan babban keken ya ɗauki ƙara, har teburinsa yana ɗan rawa. Ya ɗauki waya ya rubuta: "Kekenki ya hana ni jan layi miƙaƙƙe, amaryata. Don Allah kada ki kashe shi."