Uwar da Ta Ƙi Ɗaukar Bulala

Ƙafar Mai ɗinki na kan keke Gwaggo ta faɗo shagon ba ko sallama, ta fizgo 'Yar Baba, 'yar Mai ɗinkin, daga kan tarin ƙyallaye. Wayyo maraici! Uban yarinyar bai daɗe a ƙasa ba, ga yayarsa ta zo raba ta da uwarta. Laifin kuwa? Jiya yarinyar ta fasa madubin shago, maimakon uwar ta zane ta, sai ta durƙusa tana tambayarta yadda aka yi da yadda za ta kiyaye gaba.

"Kin mayar da gida kotu, kina shari'a da 'yar mitsitsiya!" in ji Gwaggo. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi!"

"Tanƙwarawa kika ce, Yaya, ba karyawa ba." Hawaye na zuba, amma idon Mai ɗinki na cikin na Gwaggo. "Ku tafi da ita, kun fi ni ƙarfi. Abin da na zuba mata a ka dai, wallahi ba ku da cokalin kwashe shi!"

Baffa, babban wan mamacin, ya goyi bayan ƙanwarsa. Gwaggo ba ta tsaya nan ba, ta bi masu kawo ɗinki da zuga har shagon ya koma sai ƙura. A gidanta kuwa tambaya ma laifi ce, 'Yar Baba ta sha bulala har ta gode Allah... Uwar in labari ya iso mata sai ta kai goshi ƙasa tana kuka: "Ya Allah, kada tsoro ya rufe mata baki!"

Wata rana da la'asar Gwaggo ta fita unguwa. Babban ɗanta ya ɗauko kwalbar maganin hawan jininta yana wasa, ya bar ta a buɗe, autanta mai rarrafe ya watsa ƙwayoyin a baki. Da wan ya gani, sai ya shige ƙarƙashin gado. 'Yar Baba kuwa ta ja numfashi ta yi tunani, ta saɓi jinjirin, ta ɗauki kwalbar, ta ruga shagon mai magani na tsallaken titi.

Daga nan aka garzaya da su asibiti, inda Gwaggo ta iso ta shaƙe wa 'Yar Baba wuyan riga. "Mayya! Ke kika ba shi!"

"Sake ta, baiwar Allah," in ji likita. "Ba don ta zo da wuri da kwalbar a hannu ba, da yanzu wani zancen ake yi."

Sai ga muryar babban ɗan daga bayan Baffa, yana shessheƙa: "Ni na buɗe... Na ga yana ci. Tsoron dukan Umma ne ya hana ni magana."

Baffa ya sunkuyar da kai. Ya kama hannun 'Yar Baba ya damƙa wa Mai ɗinki, wadda ta iso a guje ko takalmi babu. "Ki yafe mana. Ga 'yarki, ba mai sake taɓa ta."

Gwaggo ta sulale ƙasa tana gunjin kuka, ta miƙa hannu za ta rungumi babban ɗanta. Yaron ya kare kansa da hannu bibbiyu ya ja da baya, a gaban kowa.