Jan Hasken Kiggundu

Nansubuga tana fere ayaba tana kuka, hawaye na ɗiga cikin kwano. Gwaggo Namutebi, ƙanwar babanta, ta fizge wuƙar.

"Ke! Za ki yanke hannu a kan yaron da ya bangaje uwarki?"

"Gwaggo, bai gan ta ba!"

"Mace kamar Mama, sanye da doguwar rigar gomesi ja jawur, a ce ba a gan ta ba? Rufe min baki!"

Abin da ya faru jiya kam ya isa a yi kuka. Kiggundu, saurayinta, ya rako ta gidan Gwaggo a Masaka, bai san Mama na nan ba. Daga cikin hasken rana ya faɗa falo mai duhu, sai karo gaba da gaba, har ya riƙe hannunta don kada ta faɗi. A al'adarsu ta Buganda kuwa, haramun ne suruki ya taɓa uwar matarsa, ko kusantarta ba ya yi. Mama ta kurma ihu, Baba ya rantse an fasa auren.

Nansubuga ta share ido. "Dundumi gare shi, Gwaggo. Na gado ne. Ganinsa tsukewa yake yi, kamar mai leƙe ta bututu. Gefe ba ya gani, duhu ba ya gani."

"Au! Makaho ma za ki kawo mana? 'Ya'yan fa?"

"Yana karɓar magani a Kampala. Ki zo ki gani, pilis."

"Pilis ɗin gidanku!"

Amma Gwaggo ba ta iya barin abu ba ta gani da idonta ba. Ranar Laraba da sassafe sai ga su a mota su uku, ta zauna a tsakiya tana hararar Kiggundu.

A asibitin, Kiggundu ya ɗora haɓa a kan wata na'ura, wani jan haske mai laushi ya cika masa ido. Minti kaɗan aka kashe.

"Shi ke nan?" in ji Gwaggo. "Allurar fa? Tocilan muka biyo tun daga Masaka?"

Likitar ta yi dariya. "Gwaji muke yi, Gwaggo. Ba mu ce zai warke ba, muna dai fatan hasken ya ƙarfafa abin da ya rage a bayan idon. Wata takwas yana zuwa, sau biyu a mako, bai taɓa fashi ba. Zuwa yanzu ganin bai ƙara tsukewa ba. Irin nasa kuma sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi yake kama yaro. Mun gwada 'yarki, ba ta da shi."

Gwaggo ta juya gare shi. "To in hasken bai yi ba fa?"

"Zan makance, Gwaggo," ya ce a hankali. "Na faɗa mata tun ranar farko. Laifina ɗaya, na ji kunyar faɗa muku."

Nansubuga ta ji sonsa ya ƙara kama ta, har ta kasa ɗaga kai. A hanyar komawa gida, Gwaggo ta daina harararsa.

Wata huɗu Baba yana kafewa. Nansubuga ba ta yi bore ba, ba ta ɗaga murya ba, kullum tana durƙusawa ta gaishe shi kamar yadda ta saba. Gwaggo ce dai ta hana shi sakat, har ya gaji ya ce a sa rana.

Ranar gabatar da ango, al'ada ita ce gwaggon amarya ta zaƙulo shi cikin baƙi ta maƙala masa fure. Namutebi ta zagaya rumfa tana rausaya, ta zo masa ta gaba sak.

"Ta gaba na zo, ɗan nema, kada ni ma ka ture ni!"

Aka kwashe da dariya. Ta sunkuya ta raɗa masa, "Duba gindin mangwaro."

Can nesa, cikin hasken rana tarwai, Mama ce tsaye da gomesinta ja. Da gangan ta tsaya inda zai iya ganinta. Kiggundu ya gan ta sarai, ya sunkuyar da kai kamar yadda suruki yake yi, Mama ta gyaɗa kai. Nansubuga ta yi kuka na biyu, wannan karon na daɗi.

Ku 'yan'uwana matasa, kada ku ɓoye wa iyaye ciwo don kunya, kada kuma ku yi musu gaggawa. Ku faɗi gaskiya, ku jira su. Kiggundu har yau yana hawa motar Kampala, yanzu kuma Mama ce take dafa masa guzuri, ta aika a kai masa.