Iskar da Ba Ta da Kiɗa

"Kwana ukku ɗai, Mani! Kwana ukku nika roƙonka!"

Kaltume ta riƙe bakin rigarsa a gefen rijiyar Matankari, hawaye na sauka, ba ta damu da matan da suka bar guga suka zuba musu ido ba.

"Kaltu... ba iska ta ba. Sau nawa zan hwaɗa miki?"

"Ni na yarda, sanyin idona! Baba na bai yarda ba!"

Mani tsohon sojan Faransa ne. Shekara tara ke nan da dawowarsa daga yaƙin wata ƙasa mai suna Koriya, ya dawo da ɗingishi da shiru. Wani lokaci yana tsakiyar noma sai ya tsaya cak, ya dafa ƙirji, ya fitar da kalma guda: "Han..." Mutanen gari kuwa, da ba a raba su da sanin abin da ba su sani ba, suka yanke cewa iska ya kwaso daga bayan teku.

Kaltume kaɗai ta taɓa zama ta tambaye shi.

"Wata tsohuwa ta koya mini can Koriya," ya ce mata ran nan. "Ita ka wanke muna tuhwahi. An ƙone garinsu, ɗiyanta huɗu sun tahi, ban taɓa ganin hawayenta ba. Na tambaye ta, sai ta bugi ƙirji ta ce han. Tahinta ya ce daga rubutun Sin suka samo ta, da alamar zuciya ciki. Baƙin ciki na wanda aka haɗiye, da haushin da babu wanda za ka rama wa... ya zamna, ya zan naka."

"Han!" ta gwada, tana ƙyalƙyala dariya.

Ya yi murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Kin hwaɗe ta kamar mai kiran akuya. Daga ƙirji taka tasowa, kamar ajiyar zuciya, sannan halshe shi ruhe ta. Bar ta, Kaltu. Allah shi sa kar ki taɓa iya ta."

Yanzu ga shi Baba Jatau ya kafe: ba zai ba da ɗiyarsa ba sai 'yan bori sun yi kiɗa, iskar ta sauka ta faɗi abin da take so. Kuma kowa ya san wanda ya hura wutar. Gado ne, ɗan baffanta mai shago a Dogon Dutsi, wanda ta mayar wa da turarensa har sau biyu.

"Ka zamna ɗai, su yi kiɗansu su gaji," ta ce. "In kana so na..."

Ya dube ta.

"Don ke, zan zamna."

Inna Dije, uwar bori, ta shimfiɗa masa tabarma a fili. Kwana biyu mai goge yana bin kiɗan iskoki ɗaya bayan ɗaya, ƙwarya na amsawa, mata na faɗuwa, Mani yana zaune gumi na tsiyaya. Duk sanda suka haɗa ido sai ya gyaɗa mata kai, ita kuwa zuciyarta fal murna, har ta fara tunanin lalle.

Rana ta uku da hantsi Gado ya iso da wani maharbi mai saɓe da bindiga.

"In goge bai tashe ta ba, wanga shi tashe ta," in ji Gado.

Kafin kowa ya ankara, bindigar ta tashi dab da kunnen Mani.

Wayyo! Namijin da ya ƙetare teku ya dawo, sai ga shi yana rarrafe cikin ƙasa yana ihu da wani yare, ya cusa kansa ƙarƙashin rumbu yana kakkarwa, wandonsa a jiƙe. Wasu suka yi salati, wasu suka yi dariya, kuma dariyar ta fi yawa.

"Mani! Ni ta, Kaltu! Dube ni!"

Bai dube ta ba.

Inna Dije ta tsayar da goge, ta ce da Baba Jatau, "Iskar ga ba ta da kiɗa wurinmu. Abin da ba shi da kiɗa ba a lallashinai."

"To an gama," in ji Baba.

Kashegari aka ce an ga Mani ya hau motar Dosso, ko jaka bai ɗauka ba. Kaltume ta ruga ba takalmi har bakin hanya, ta tarar da sawun taya kawai. Wa za ta kama da laifi? Baba da ya yi don kare ta? Gado da ya tsaya yana rantsuwa taimako ya yi? Ita ce fa ta riƙe rigarsa ta roƙa.

Gado bai same ta ba, wani ma bai same ta ba. Damina uku ta wuce ba wasiƙa, ba labari.

Wata safiya tana jan guga a rijiyar nan, igiya ta tsaya a hannunta. Ta dafa ƙirji, abin ya taso da kansa, harshe ya rufe shi.

"Han..."

Ta faɗe ta daidai, kuma mutum ɗaya da zai iya shaida hakan ba ya nan.