Guɗar Hajiya Kaltouma

Oumaima na wanke kwanuka a kicin ɗinsu na McLeansville a Amurka, tana rera wata tsohuwar waƙar daka, hawaye na ɗiga cikin kumfa. Waƙar kakarta ce ta Damagaram. A bakin Babanta ta koye ta, don shi ma in kewar gida ta taso masa a mota, ita yake rerawa ƙasa-ƙasa.

"Kukan Moctar ɗin ne dai?" in ji mahaifiyarta, Hajiya Kaltouma.

"Mama, I miss him wallahi! Tun bara ko muryarsa ban ji ba."

Moctar shi ne ya nemi aurenta, mai tsara kiɗa ne, kuma jagoran wata okesta, wato babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa, a Greensboro. Babanta Alhaji Ousseini ya ce atafau: "Makaɗi makaɗi ne ko ya sa kwat! Jikar malamai ba ta auren maroƙi." Ya hana su ko waya, suka bi. Ƙawaye suka yi ta zuga ta, "Ku je kotu a ɗaura mana, nan fa Amurka ce!" Ta ce auren da babu albarkar Baba ba ta so.

Hajiya ce ta gaji da ganin 'yarta na ramewa. "Alhaji, ran Lahadi za su yi wasa. Ka je ka ga roƙon da idonka, sannan ka yanke." Da ƙyar ya yarda.

Ran Lahadin bayan la'asar suka zauna a zauren wasan. Moctar ya fito riƙe da 'yar sandar jagorancin kiɗa. Ya russuna, ya juya wajen makaɗansa.

"Kun gani ko?" Alhaji ya raɗa. "Ya juya wa manya ƙeya!"

Sai masu gogen Turawa suka ɗauko wani amo a hankali, ganguna na amsawa kamar taɓare biyu a turmi ɗaya. Alhaji ya sandare. "Waƙar Inna..." Sau ɗaya tak Oumaima ta taɓa rera wa Moctar ita, ashe bawan Allah ya riƙe! Alhaji ya cire gilashi, hawaye sharkaf a gemu.

Kashin farko na kiɗan ya ƙare. A ƙa'idarsu tsakanin kashi da kashi ko tafi ba a yi, tsit ake. Ina Hajiya ta sani? Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa: "Ayyiriri!"

Zaure kaf ya waiwayo. "Mama, please!" Oumaima ta ji kamar ta nutse. Moctar ma ya juyo, don ya san guɗar gida. Idonsa ya sauka kan Oumaima, ita ma ta kasa ɗauke nata. Sai ya hango Alhaji, ya durƙusa har ƙasa a gaban dubban idanu.

Da aka tashi Alhaji ya sa aka kira shi.

"Maroƙi idon mutane yake bi. Kai ka ba mu baya, ka dawo min da uwata. Na zalunce ka, ɗana. Ka turo manyanka."

Oumaima ta faɗa jikin Hajiya tana kuka.

'Yan mata, ku duba: da ta bi zugar ƙawaye, da ta sami miji ta rasa uba. Ta yi haƙuri, Allah ya bar mata duka biyun.